Sharhi: Aikin Sauya Gaɓar Kwatangwalo, Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ikara da Paki da Auchan, da na Makarfi da Gubuci da Tashar Yari, da na Hunkuyi da Likoro da Kudan, manoman rake da tumatir da masara, har da waɗanda a 'yan shekarun nan suka rungumi noman inabi. Yau maganarmu a kan ƙashi take, wato gaɓar nan da ta haɗa cinya da kwatangwalo, wadda in ta ci ta cinye sai likita ya ce babu sauran dabara illa a cire ta a sa ta ƙarfe. Gidaje da dama a yankin nan sun jiyo wannan hukunci a asibitin Shika ko na Dala, sun dawo sun zauna shawara a zaure, kuma tambayar ba ta wuce guda ba: shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Ba zan ja ku da nisa ba kafin in faɗi matsayina. Tana biya. A cikin ayyukan tiyata na duniya, kaɗan ne suka kai wannan cika alkawari. Sai dai alkawarin nasa yana da iyaka, kuma rabinsa a tsakar gidanka ake cika shi bayan an sallame ka. Wanda ya tafi asibiti da kuɗin aiki kaɗai, bai shirya wa watanni ukun da za su biyo baya ba, ya yi rabin lissafi.

Bari mu fara da ita kanta gaɓar. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a jikin kwatangwalo kamar kan taɓarya a cikin turmi. Allah ya lulluɓe su duka biyun da guringuntsi mai santsi, shi ya sa kake tafiya, ka tsuguna, ka miƙe, ba ka ji komai ba. In amosanin gaɓɓai ya kama wurin, guringuntsin nan sai ya yi ta zaizayewa har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Kuma guringuntsin da ya tafi ya tafi ke nan. Babu ƙwaya, babu allura, babu saiwa, babu jiƙo da ke mayar da shi.

Mai wannan ciwo ba ya ɓuya ga wanda ya lura. Ku dubi dattijon da zai hau babur a bakin kasuwa. Ba ya iya wurga ƙafa kamar da, sai ya sa hannu biyu ya tallafo cinyar ya tsallakar da ita, yana cije leɓe. Ya daɗe da daina yanke farcen ƙafarsa, sai dai jika ya yanke masa. Wajen alwala, wanke ƙafar nan ya zama aiki. A zaman tahiya ya miƙe ta gefe guda. Da dare kuwa, ko juyi ya yi sai zogi ya tashe shi. Ciwon yakan zauna ne a lungun da cinya ta haɗu da mara, ya gangaro gaban cinya, wani lokaci har gwiwa. Akwai waɗanda suka shekara suna shafa wa gwiwa magani alhali ɓarnar tana sama. A ɗaya ɓangaren kuma, ciwon da ya taso daga gadon baya ya bi ta ɗuwawu ya tsarga har tafin ƙafa, sau da yawa daga ƙashin baya yake, kuma ko an sauya kwatangwalo sau goma ba zai tafi ba. Hoton ƙashi da hannun likita su ne ke rabe wannan da wancan. Hoton nan ba shi da tsada in aka kwatanta da abin da ake zubarwa a kan magungunan kame-kame.

Me ke kawo shi a wajenmu? Tsufa yana ciki, gado yana ciki, ƙiba tana ciki. Noma ma yana ciki, kuma wannan ba zato ba ne: a Birtaniya tun 2005 gwamnati ta sanya amosanin kwatangwalo cikin cututtukan sana'a da ake biyan diyya a kansu ga wanda ya shekara 10 yana aikin gona. To, in manomin da ke hawa tarakta ya kamu, ina ga wanda ya yi shekara arba'in a sunkuye da fartanya, yana saɓa damin rake daga fadama zuwa bakin titi? Akwai kuma tsohuwar karaya ko gocewar ƙashi daga haɗarin babur, da tarin fuka da ya taɓa shiga gaɓar tun ana yara.

Amma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na matasa. In ka je layin likitocin ƙashi a manyan asibitocinmu za ka tarar da samari da 'yan mata, wasu ko ashirin da biyar ba su cika ba, suna dogara sanda. Sikila ce. Jini yakan toshe a ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai kan ya mutu ya ruɓza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai mu. Sai kuma ɓarnar da muke sayowa da kuɗinmu: ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake sha don a yi ƙiba, da haɗin da ake ƙullo wa manomi a leda don kashe gajiya, waɗanda galibi akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Daɗewa ana shan waɗannan yana kashe kan ƙashin cinya kamar yadda sikila ke yi. 'Yan mata da amare, wannan saƙon naku ne.

Kafin a kai ga asibiti, kowa ya san hanyar da ake bi. A fara da kemis, a sha diclofenac, a sha piroxicam, in sun daina ji a koma tramadol. A je wa wanzami ya yi ƙaho, a yi tsaga, a nemo mai ɗori ya murza. Ba na raina kowa a sana'arsa, amma nan ba karaya ba ce balle a ɗora. Su kuma ƙwayoyin kashe zafin nan, in aka mai da su abincin kullum shekara da shekaru, suna huda ciki, suna lalata ƙoda, suna hau da jini. Mutum ya gudu daga tiyata saboda tsoro, ya je ya faɗa wankin ƙoda.

Tsoron kuwa na san shi. Za ka ji ɗa yana lallashi: "Baba, ka daure mu kai ka Dala." Shi kuwa ya ce: "Ku rabu da ni, ni ba za a sa mini ƙarfe a jiki ba. Waɗanda ake kai wa can da ƙafa ɗaya suke dawowa." Gaskiyar magana, masu dawowa da ƙafa ɗaya galibi waɗanda aka kai ne bayan ƙafar ta riga ta ruɓe a gida. Aikin kwatangwalo ba ruwansa da yanke ƙafa. Abin da ake yi shi ne, a yi maka allura a baya, ƙasanka duk ya mutu na 'yan sa'o'i, a yanke lalataccen kan ƙashin, a soka sandar ƙarfe cikin ɓargon cinya mai ɗauke da sabon kai na ƙarfe ko na tangaran, a gyara gurbin a sa masa kofi mai shimfiɗar roba mai tauri. Wani a kafe shi da siminti na musamman, wani a bar ƙashi ya kama shi da kansa. Awa ɗaya zuwa biyu an gama. Ƙarfen irin wanda ba ya tsatsa ne.

Aikin ba sabo ba ne, ba gwaji ake yi da mu ba. Wani likita Bature mai suna John Charnley ne ya daidaita shi a asibitin Wrightington da ke arewacin Ingila a 1962, bayan robar da ya fara gwadawa ta ba shi kunya ta zaizaye a jikin mutane, ya koma ya sake lale. A 2007 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani nazari da ya kira shi aikin tiyatar ƙarni. A 2019 kuma ita dai mujallar ta fitar da binciken da ya tattaro bayanan dubban ɗaruruwan mutane, inda aka ga kusan kashi 89 cikin 100 na gaɓoɓin da aka dasa suna nan lafiya bayan shekara 15, kashi 70 bayan shekara 20, kashi 58 bayan shekara 25. Alƙaluman nan daga ƙasashen Turawa aka samo su, inda tituna ke da santsi, ba kuma a tsuguno. Duk da haka sun ishe mu auna abu guda: dattijo mai shekara 65 mai yiwuwa gaɓa ɗaya ta kai shi ƙarshen rayuwa, amma yarinya mai sikila 'yar shekara 22 ta sa a ranta cewa wata rana za a sake buɗe wurin, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Wannan ba dalili ba ne na barin ta a ɗaki tana rarrafe a shekarun da ya kamata ta yi karatu ta yi aure. Macen da aka yi wa aikin nan tana ɗaukar ciki, tana haihuwa. Amma a gaya mata gaskiya tun farko.

Mu kuma a yankin nan Allah ya yi mana gata, muna tsakanin Zariya da Kano. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga asibitin ƙashi na ƙasa a Dala. Masu hali suna tafiya Indiya ko Masar, kuma ba laifi. Sai dai in ciwon ya fara tsattsafo da ruwa bayan mako uku, likitan da ke Kano mota ɗaya ce tsakaninku, na Indiya kuwa sai biza.

Yanzu mu zo kan jinya, inda na fi so mu daɗe.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ranar aikin ko washegari za a ce ka tashi ka tsaya. 'Yan uwa su ga kamar rashin tausayi ne. "Haba likita, jiya-jiya fa aka yanka shi!" Tausayin ke nan. Kwanciya ita ce ke daskarar da jini a jijiyoyin ƙafa, gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa. Shi ya sa ake tayar da kai da wuri, ake kuma ba ka maganin tsinka jini na wajen wata guda. Zogin nan na ƙashi da ya hana ka barci shekaru, da yawa suna farkawa su tarar babu shi. Abin da ya rage zafin yanka ne, shi kuwa kullum raguwa yake. Bayan 'yan kwanaki a sallame ka da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ko sanduna biyu. Wajen mako biyu a cire ɗinki. Wajen mako shida yawanci an koma sanda ɗaya, wasu sun ajiye. Wata uku ana harkokin yau da kullum. Ƙarfin cinya da sauran ɗingishi kuwa suna iya kai shekara kafin su daidaita, musamman ga wanda ya daɗe yana jan ƙafa naman wurin ya shanye.

A makonni shidan farko, wani lokaci har wata uku, gwargwadon ta inda likita ya shiga, akwai dokoki: kada gwiwa ta ɗaga ta wuce kwatangwalo, kada a harɗe ƙafa, kada a murɗa ta ciki. In aka karya su sabon kan yana iya fita daga gurbinsa. To jama'a, ku zagaya gidajenmu da waɗannan dokoki a hannu ku ga abin da zai rage. Masai na tsuguno ne. Abinci a tabarma ake ci. Katifa a ƙasa take. Alwala a kan 'yar kujera ake yi ko a tsugune. Mace tana girki a gaban murhu, tana wanki a sunkuye, tana shara da gajeriyar tsintsiya. Gaisuwa ma, in suruki ya shigo sai an durƙusa. Kusan duk abin da ya sa gida ya zama gidan Bahaushe yana cikin abin da likita ya hana.

Gyaran kuwa bai kai kuɗin tunkiya ba. A kai wa kafinta kujerar katako mai ƙwari, mai hannu, ya huda tsakiyarta, a ɗora ta a bakin masai. A ɗaga gado da bulo ko a samo mai tsayi, yadda in ya zauna ƙafarsa na taɓa ƙasa, gwiwa kuma ba ta haura ba. A sa filo tsakanin cinyoyi wajen barci. A kawar da igiyar shanya da tabarmi da turmi daga hanyar da zai bi da dare, a ajiye masa tocila. A cike ramukan tsakar gida. Duk wannan a gama shi kafin a tafi asibiti, kada sai an sauke mara lafiya a ƙofar gida a fara neman kafinta. A kuma tsayar da mai jinya tsayayye guda, wanda ya ji bayanin likita da kunnensa, domin masu zuwa dubiya kowa da tasa fatawar.

Salla a kan kujera za a yi ta a wannan tsakani, kuma addini ya ba da wannan sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya halatta wa mara lafiya ya yi salla a zaune in tsayuwa ta gagara. Na ga dattawan da wannan ya fi damunsu fiye da wuƙar likita, suna jin nauyin a gan su a kan kujera a sahu. Malamanmu na Ikara da Makarfi da Kudan, ku taimaka ku faɗa a kan mumbari. Da yawa suna komawa sujada a ƙasa bayan sun warke, amma likitan da ya yi aikin shi zai ce yaushe, ba maƙwabci ba.

Sai babur. Daga ƙauyukanmu zuwa bakin kwalta shi ne abin hawa, kuma babu abin da ya fi shi haɗari ga sabuwar gaɓa: a buɗe ƙafa a hau, a yi ta jijjiga a kan gargada, in tsautsayi ya gifta a faɗi. Karaya a gefen ƙarfe babbar musiba ce. A sa kuɗin shatar mota cikin lissafi, na dawowa gida da na komawa ganin likita, a kuma zauna a kujerar gaba. Wannan ma ya sa nake ganin rani ya fi dacewa da aikin, bayan an kai amfani gida, hanya ta bushe, akwai ɗan abin hannu, akwai kuma masu zaman jinya da gona ba ta riƙe su ba.

Shin manomi zai koma gona? Zai koma ya zagaya, ya duba ban ruwa, ya tsaya a kan 'yan ƙwadago, ya yi ciniki a kasuwa, ya hau keke in ya warke. Amma huɗa da garma daga safe zuwa azahar, da ɗaukar buhun masara, da tsalle daga bayan a-kori-kura, waɗannan a bar wa yara. Wanda ya mai da gaɓar gona kamar da, zai cinye ta tun kafin lokacinta.

Ba na so in yi muku daɗin baki. Kusan tara cikin goma suna samun sauƙi mai yawa, amma akwai ɗayan da ciwo ba ya sakinsa gaba ɗaya. Kusan ɗaya cikin ɗari ƙwayoyin cuta kan shiga wurin, kuma in sun kama ƙarfe sai an sake aiki. Kaɗan gaɓar takan goce. Wani ƙafar takan ɗan fi 'yar uwarta tsawo, a gyara da takalmi. Mai ciwon suga da hawan jini sai an daidaita su tukuna. Mai shan taba ya daina. Mai gyambo a ƙafa ko ruɓaɓɓen haƙori sai ya warke. Mai sikila kuwa aikinsa na asibitin da ke da likitan jini ne da tanadin jinin ƙari. Bayan an dawo gida, in zazzaɓi ya taso, ko ciwon ya fara ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya, ba a jiran gari ya waye.

Kuɗin fa? Miliyoyin naira ne, kuma yana tafiya da dala, don daga waje ake shigo da kayan. Tun da aka saki naira a 2023 abin ya ƙara nisa da talaka. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mara lafiya yake fita, wannan na nufin shanun huɗa, ko jinginar da fadama. Saboda haka ga ma'aunina. Wanda ciwonsa ke lafawa da ɗan magani, yana barci, yana zuwa masallaci da kasuwa, bai kai ba tukuna, ko da hoto ya nuna zaizaya. Ya rage nauyi in yana da ƙiba, ya riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ya je sashen gashin ƙashi a koya masa motsa jiki. Amma wanda dare ya zame masa azaba, tafiya daga ɗaki zuwa zaure ta gagara, yana haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma, ya daina nema sai dai a nemo masa, wannan jiran ba abin da yake ƙara masa sai shanyewar cinya da lalacewar ɗaya ƙafar. Ku lissafa abin da ciwon ke ci duk wata, da hannun da ya cire daga gona, da wanda ya zaunar don jinya, sannan ku aza a kan kuɗin aikin. Ku nemi likita ya rubuta muku jimillar komai, har da jini da magani da gashi. Ku tambaye shi sau nawa yake yin irin aikin a shekara, ba rashin kunya ba ne. Wanda ke da rajista da KADCHMA, wato inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, ko ta tarayya ya je ya ji abin da za su ɗauke masa tun kafin a sa rana.

Kirana ga gwamnatin Jihar Kaduna da shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan shi ne, a tabbatar da na'urar hoton ƙashi mai aiki da ma'aikacin gashi a asibitocin Ikara da Makarfi da Hunkuyi, domin wanda aka yi wa aiki a Kano ko Zariya ya ƙarasa jinyarsa kusa da gida. Ga Kwalejin Shehu Idris nan a Makarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya, ba daga nesa za a nemo su ba. Masu fitar da zakka da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, ku tuna da matasan nan masu sikila. Masu shirin aure kuma, a yi gwajin jini kafin a sa rana.

Kai kuma mai sauraro, in akwai mai jan ƙafa a gidanku, kai shi a ɗauki hoton kwatangwalon a makon nan, a san abin da ake ciki. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.